Gaskiya ko Jita-jita: Aikin Mataimakin Malami a Darasin Shugabanci

Idan yaro daga Boɗinga ko Shagari ya gama jami'a da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, sashensu ya riƙe shi a matsayin mataimakin malami, magana kan rabu a gari. Dattawa a majalisar bayan la'asar cewa suke yi ɗan wane ya zama lakcara, gidansu ya warke. Tsaransa a teburin mai shayi kuwa cewa suke yi jakar farfesa kawai yake ɗauka. In aka ji darasin shugabanci aka haɗa shi da shi, sai a ƙara ta uku: wa ya taɓa shugabanta da har zai koya wa wani? Da yaƙini ake faɗin duk waɗannan maganganu, kuma kowace tana cutar da yaron ta wata fuska. Wata ta ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba, wata ta zubar masa da mutunci a gaban ɗalibansa.

"Jakar farfesa kawai yake ɗauka"

Matakan aikin koyarwa a jami'o'in Najeriya bakwai ne, daga mataimakin malami mai digiri ɗaya, wanda 'yan jami'a ke kira GA, har zuwa farfesa. Ba da kowane irin sakamako ake hawa matakin farkon nan ba. A ƙa'ida sai wanda ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu mai babban mataki, kuma ya kammala bautar ƙasa. Yana da takardar ɗaukar aiki, yana da albashi. Aikinsa kuma sananne ne: ya zauna da ɗalibai rukuni-rukuni su yi bitar abin da malami ya koyar, ya taya duba jinga da gwaji, ya tsare ɗakin jarrabawa, ya riƙe rajistar halartar aji, sannan shi kansa ya duƙufa karatun digiri na biyu.

Abin da ya sa jami'a ba ta iya yi sai da shi, lissafi ne. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da ilimin zamantakewa da na koyarwa. Amma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, don ya binciko buƙatun jami'o'in gwamnati, malamai 37,504 kacal ya ƙirga a jami'o'in gwamnati na ƙasar baki ɗaya, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai daga cikinsu ke da digirin digirgir. Darussan gama-gari, waɗanda kowane ɗalibi sai ya bi ta cikinsu kafin ya fita, su suka fi jin jiki, kuma galibi a cikinsu ake cusa batun zaman lafiya, da sasanta rikici, da sana'a, da shugabanci.

Wanda ya taɓa leƙa irin wannan aji ya san yadda yake. Ɗaki ya cika ya batse, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya sun ɗora littafi a gadon bayan na gabansu, lasifika tana yi tana yankewa. Malam ya yi awa biyu ya fita. Yarinyar da ta taso daga makarantar ƙauye, wadda Turancinta bai gama zama ba, ba za ta ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan mutane ba. Sai da yamma, in mataimaki ya tara su su ashirin a ƙarƙashin dogon yaro, ya sake warware maganar, ya sa Hausa inda ta cije, sannan za ka ji ta ce, "Malam, don Allah a maimaita wurin nan." Amsar da ta samu a wannan zama, da ita za ta shiga jarrabawa.

Don haka maganar jaka jita-jita ce. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Akwai manyan malamai da ke mayar da mataimaki ɗan aiken gida: ɗauko yara daga makaranta, kai mota gareji, har cefane. Akwai wanda ya fi haka muni, wanda zai jibge masa kwas ɗin gaba ɗaya, koyarwa da jarrabawa da maki, shi ya tafi wata sabgarsa, amma sunan da ke kan takarda nasa ne. Yaron ba shi da bakin cewa a'a, domin sau da yawa mutumin nan shi ke duba kundin digirinsa na biyu. Wannan zalunci ne, kuma kada a lulluɓe shi da sunan hidimar malami. Almajirin da ke ɗebo wa malaminsa ruwa yana yi ne da son ransa don neman albarka, malam kuma yana zaunar da shi ya biya masa karatu. Wanda ya karɓi hidima bai ba da karatu ba, ba shi da hujja a al'adarmu, ba shi da ita a dokar jami'a.

"Tsarin Turawa ne, mu ba mu san shi ba"

Sunan aikin da takardar albashi su ne boko ya zo da su. A Amurka ɗaliban digiri na biyu da na uku su ke riƙe da galibin azuzuwan bita, ana ba su alawus, sau da yawa kuma a yafe musu kuɗin makaranta. Yawansu ya kai har a Nuwamban 2022 kimanin mutum 48,000 daga cikinsu da sauran ƙananan ma'aikatan bincike suka tsayar da aiki a Jami'ar Kalifoniya a kan albashi. Amma aikin kansa ya girmi waɗannan jami'o'i nesa ba kusa ba. A makarantun Bagadaza da Alƙahira akwai mu'idi, wanda ke zama da ɗalibai bayan shehi ya tashi ya maimaita musu darasi. Abu Ishaƙ Asshirazi ya yi wa malaminsa Abuɗɗayyib Aɗɗabari wannan aiki, daga baya shi aka naɗa babban malamin makarantar Nizamiyya da aka buɗe a Bagadaza a 1067.

A gida kuma ba sai an yi nisa ba. A makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo, ya duba masa rubutu kafin a kai gaban malam. Nana Asma'u ta naɗa jajjaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zuwa da matan ƙauyuka wurinta, suna komawa da karatu su koyar a garuruwansu. Da su karatun waɗannan mata, 'Yan Taru, ya kai inda ƙafarta ba ta kai ba. Shi kansa Abdullahi ɗan Fodiyo a gaban yayansa Shehu Usmanu ya yi karatu mai yawa, ya kuma bi shi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekara da shekaru kafin a san shi da waziri. Cewa tsarin Turawa ne, wannan ma jita-jita ce.

"Shugabanci ba a koyar da shi, da shi ake haihuwar mutum"

A nan ne maganar ta fi nauyi, don ba 'yan shayi kaɗai ke faɗinta ba, har da masu ilimi. Kuma abin mamaki ne a ji ta a bakin mutumin Boɗinga, domin ƙasarsa ce ta ƙaryata ta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya koma Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, ya zauna har 1815. Bai zauna a can yana shirya dakaru ba. Karantarwa da rubutu ya fi mayar da hankali a kai, malamai da ɗalibai suna tururuwa daga nesa. Ƙanensa Abdullahi ya kafa mazauninsa a Boɗinga kusa da shi. A wannan zamani ne, a 1812, Shehu ya raba ragamar gudanar da daula: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi.

Dubi abin da mutanen nan suka rubuta. Shehu ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya jero halayen mulkin da ya ƙi, ciki har da ɗaukar sarauta gado da ƙarfin tuwo ba tare da shawara ba, da karɓar gaisuwa, da cin hanci a wurin shari'a. Abdullahi, lokacin da ransa ya ɓaci da yadda son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya Makka, ya yada zango a Kano. Mutanen Kano suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya dawo gida. Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, ya tsara masa ginshiƙai bakwai na mulki. Da shugabanci abu ne da ke cikin jini kawai, me ya kai su ɓata tawada? Sarakuna ne fa ake rubuta wa, masu riƙe da tuta, kuma su da kansu suke neman a koya musu.

Ka miƙe hanya daga Boɗinga ka nufi kudu, ka isa Shagari. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925. Gidan sarauta ya fito, mahaifinsa Magajin garin ne, amma ba gadon ne ya kai shi Legas ba. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya yi Kwalejin Kaduna, ya dawo ya riƙe alli yana koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. Sai a 1954 aka zaɓe shi majalisar wakilai ta tarayya. A 1978, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa, shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan aƙidar shugabancin Shehu Usmanu da yadda ya aiwatar da ita. Mutumin da ke dab da hawa kujera mafi girma a ƙasar bai ga ya fi ƙarfin ya zauna ya nazarci shugabanci ba. Mutum na iya yabon mulkinsa na 1979 zuwa 1983 ko ya soke shi, wannan wata magana ce daban. Abin da ba a musu shi ne, a gaban allo ya fara koyon riƙe mutane, kamar yadda Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a wannan Midil ɗin daga 1931 zuwa 1934 kafin a naɗa shi hakimin Rabah, kamar kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano a Bauci.

To amma masu wannan magana ba su rasa gaskiya ɗungurungum ba, kuma dole a ba su nasu. Hali yana da tasiri: wani tun yana yaro ake sauraronsa in ya yi magana, wani ko ya yi digiri goma ba ya iya tara mutum uku. Kuma irin darasin da ake yi a wurare da yawa, inda za a haddace rabe-raben shugabanci da sunayen marubutan Turawa a zuba a takarda a manta, wannan kam ba ya mayar da kowa shugaba. Abin da ake iya koyarwa shi ne aikin: yadda ake jagorantar taro kowa ya faɗi nasa, yadda ake raba aiki a bi sawu, yadda ake riƙe kuɗin jama'a a kawo lissafi, yadda ake sauraron wanda ya saɓa maka ba tare da ka ɗauke shi abokin gaba ba. Waɗannan sai an yi su ake iya su, kuma ba a yin su a ɗakin mutum ɗari biyar.

Shi ya sa a darasin shugabanci mataimaki ya fi muhimmanci fiye da a kowane darasi. A Jami'ar Habad ta Amurka, Ronald Heifetz ya shahara da wani kwas da ake raba ɗalibai ƙananan rukuni, kowane mako ɗaya ya kawo labarin wani jagoranci da ya taɓa yi ya gaza, sauran su tattauna shi, mataimaka kuma su karanta rahoton da kowane ɗalibi ya rubuta su ba shi amsa. Ba sai mun je can ba kafin mu yi irinsa. A ba rukunin ɗalibai goma aikin gyaran famfon ɗakin kwanansu, ko shirya ajin yamma ga yaran unguwa. Cikin mako biyu za a ga wanda ya ƙwace magana, da wanda ya ɓace sai ranar sa hannu, da wadda ta yi rabin aikin ba a ambaci sunanta ba, da ma'ajin da ya kasa faɗin inda canji ya shiga. Farfesa ba zai ga wannan ba, yana da rukuni hamsin. Mataimaki ne zai gani, ya zaunar da su ya ce, "Wane, ka lura tun da aka fara taron nan ba ka bar kowa ya kai ƙarshen maganarsa ba?" Darasin ke nan. Hukuncin wannan magana dai, rabi gaskiya ce game da hali, amma jita-jita ce game da aiki.

Daga nan amsar masu cewa yaro ne, bai taɓa shugabantar kowa ba, ta fito da kanta. Ba a ɗauke shi don ya ba da labarin mulkin da ya yi ba, an ɗauke shi ne ya sa ido, ya yi tambaya, ya riƙe adalci a ƙaramin rukuni. Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804. Shagari yana da kimanin 20 ya fara koyarwa. Ƙuruciyar ma tana da amfaninta, don ɗalibi ya fi sakin jiki ya faɗa wa wanda ya girme shi da shekara huɗu damuwarsa, a kan ya tunkari ofishin farfesa.

"Maki a hannunsa yake, a gan shi kawai"

Wannan ita ce ta fi kowace haɗari, don ita ke jefa yaro a rami. A tsari, malamin kwas ne ke fitar da tambayoyi da ma'aunin ba da maki, kuma shi ke sa hannu a sakamako. Sakamakon sai ya bi ta taron sashe, ya bi ta na tsangaya, ya isa majalisar dattawan jami'a kafin ya tabbata. A ajin ƙarshe har malami ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba takardu. Manyan darussan gama-gari kuwa, a wurare da dama yanzu a kwamfuta ake jarrabawarsu. Mataimaki ba shi da ikon ya ba wanda ya faɗi nasara.

Amma akwai kafa, kuma kowa ya san ta: makin cikin zango, kashi 30 ko 40 ɗin nan na jinga da gwaji da halartar aji, wanda sau da yawa ta hannunsa yake bi. Ta nan matsi ke shigowa, kuma mafi yawa ba daga baƙo ba. Waya ce daga gida da dare. "Ɗan ƙanwata yana ajinku, ga lambarsa nan zan turo maka, ka san abin da ya kamata." Mai kiran kawu ne, watakila shi ya biya masa kuɗin rajista a shekarar farko. Yaron kirki zai ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan ba a hannuna yake ba. Ku turo min shi in riƙa yi masa bita har ya gane." Kawu zai yi fushi, a gari a ce boko ya sa yaro girman kai. Ni kam ina ganin wannan amsa ta fi duk laccar da za a yi a zangon daraja, domin gaisuwar da Shehu ya soka a littafinsa ita ce dai wannan, ta sauya riga ne kawai.

Akwai kuma masu faɗawa da kansu: tilasta sayen handawut, karɓar na goro a rubuta sunan wanda bai zo aji ba, da mafi ƙazanta, neman ɗalibai mata da maki. Binciken da BBC ta fitar a Oktoban 2019 a kan wasu jami'o'in Najeriya da Gana ya nuna yadda wannan annoba take. Idan mai taya koyar da shugabanci ya yi haka, ɗalibai ɗari sun koyi darasi ɗaya da ba za su manta ba, cewa ƙaramin iko abin sayarwa ne. Gobe su ne kansiloli, su ne ma'ajin ƙananan hukumomi.

"Ya zama lakcara, ya warke"

Bai zama ba tukuna. Matakin horo ne, kuma da sharaɗi: in bai kawo digiri na biyu cikin wa'adin da jami'a ta ɗiba ba, ana iya sallamarsa. Bayan nan ga digirin digirgir, ga rubuce-rubucen da sai an wallafa su ake samun ƙarin girma. Albashinsa shi ne mafi ƙanƙanta a jerin malamai, kuma a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, an riƙe albashin da na babba da na ƙarami. Abin da aikin ke da shi na gaske shi ne ƙofa: kusanci da malamai, ɗakin karatu, da damar samun tallafin ƙaro ilimi daga asusun TETFund. Dangin da suka fara turo masa buƙatun biki da suna tun watan farko suna rufe masa wannan ƙofa ne ba su sani ba.

Batun cewa sai da hanya ake samu kuwa, ba wanda zai rantse son kai ba ya shiga ɗaukar aiki a ƙasar nan. Amma al'adar sashe ya riƙe ɗalibin da ya fi kowa tana nan, kuma sakamako mai ƙarfi shi ne hanyar da ɗan talaka ke da ita a hannunsa. Wanda ya saki karatu tun aji biyu don ya ji ana cewa sai da hanya, shi ya cire kansa daga layi.

Kira na farko ga shugabannin sassa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari: a rubuta wa kowane mataimaki aikinsa a takarda, a ƙayyade masa awoyi don ya samu lokacin nasa karatun, malamin kwas ya riƙa zama da shi kowane mako, kuma a buɗe masa ƙofar kai ƙara da ba za ta jawo masa asarar digirinsa ba. A sa Diya'ul Hukkam da Usulus Siyasa cikin littattafan darasin, a kuma ɗebi ɗalibai a mota a kai su Sifawa, tafiyar ba ta da nisa daga Sakkwato. Ku kuma iyaye da dangi a Boɗinga da Shagari, in Allah ya ba ɗanku ko 'yarku wannan aiki, ku daina tura musu lambobin ɗalibai. Ku riƙa tambayarsu yaushe za su gama digiri na biyu.